Shafin Intanet na Ƙaramin Kasuwanci a Jos: Kyauta, Haya, ko Gina Naka?

Mai shago a Ahmadu Bello Way ko Titin Bauchi idan ya nemi a yi masa shafin intanet, farashin da zai ji ya danganta da ƙofar da ya ƙwanƙwasa. Ɗalibin Jami'ar Jos mai laftof a jaka zai iya karɓar abin da bai kai naira 100,000 ba, ya ce mako guda ya ishe shi. Wanda ya daɗe a sana'ar zai ninka wannan sau biyu ko uku. Kamfani mai ofis a Wuse II da ke Abuja kuwa, ba abin mamaki ba ne ya fara magana daga miliyan. Sai mai shago ya tashi da zargin cewa wani na son cutarsa. Galibi babu macuci a cikinsu, kaya ne daban-daban ake sayarwa da suna ɗaya. Abin da ya haɗa su shi ne kowa kuɗin gini ya faɗa, alhali shafukan ƙananan 'yan kasuwa da yawa a shekara ta biyu suke mutuwa, lokacin da kuɗin da ba wanda ya ambata suka taso.

Don haka duk hanyar da za a kwatanta, a auna ta da kuɗin shekara uku, a kuma tambayi da wane kuɗi za a biya, naira ko dala.

Abubuwa biyu ne ba sa ƙarewa muddin shafi na raye. Na farko sunansa, wato adireshin da mutum zai rubuta ya iso gare ka. Ƙungiyar NiRA, wadda aka kafa a 2005, ita ke kula da duk sunayen da suka ƙare da .ng, amma ta hannun dillalan da ta amince da su ake saye, irin su QServers, Web4Africa da Whogohost wanda ya koma GO54. Na .com.ng yana da araha, 'yan dubban naira ne a shekara. Gundarin .ng ya fi shi tsada. Shi kuma .com kamfanin Verisign na Amurka ke riƙe da shi, farashin sarinsa ya koma dala 10.26 a Satumbar 2024 kafin dillali ya ɗora ribarsa, saboda haka duk motsin da dala ta yi sai ya bi ta. Suna ba a sayensa dindindin, kowace shekara ake sabuntawa. Kuma dillalai na da ɗabi'ar karya farashin shekarar farko, don haka farashin sabuntawa ake dubawa.

Na biyu masauki, wato gurbi a kan kwamfutar da ba a kashewa dare da rana, inda hotunanka da rubutunka ke zaune. Ƙaramin kasuwanci ba ya buƙatar abin da ya wuce ƙaramin tsarin da ake tarayya da wasu shafukan, kuma kamfanonin gida na bayar da shi da dubban naira goma-goma a shekara, ka biya ta tiransifa. Yawanci yakan zo da imel mai ɗauke da sunan kasuwancinka, da kuma ɗan kwaɗon nan na tsaro da ke sa adireshi ya fara da https. Wannan kwaɗon Let's Encrypt na bayar da shi kyauta. In ka ga an ware masa kuɗi mai kauri a takardar farashi, ka nemi bayani.

Yanzu ga hanyoyin.

Ta farko ba shafi ba ce ma a zahiri, amma ita ce ke ciyar da mafi yawan masu sayarwa ta waya a garin nan. Je ka kasuwar Farin Gada da sassafe, lokacin da sanyi bai saki hannu ba. Dillali zai jawo kwandon tumatir zuwa inda hasken rana ya fara sauka, ya juya 'ya'yan da suka fi ja su koma sama, ya goge gilashin wayarsa da gefen riga, ya ɗauki hoto biyu ya tura wa mai gidan abinci a Abuja. Saƙon murya ya biyo baya, a yi ciniki, alat ya shigo, kafin azahar kaya na cikin mota da lambar direba a rubuce jikin buhun kabeji. Babu sunan shafi, babu masauki, kuma ciniki ya faɗa. Mutumin nan in ka karɓi naira 200,000 a hannunsa ka yi masa shafi, ka zalunce shi, domin farashin kayansa na sauyawa kullum safiya, ba kuwa zai zauna yana gyara shafi ba.

Abin da irinsa ke buƙata kyauta ne. WhatsApp Business, wanda ya fito a 2018, na ba ka damar jera kaya har 500 da hoto da farashi, da saƙon da zai amsa da kansa in kana barci. Sai rajistar kasuwanci a Google, wadda ke sa shagonka ya bayyana a taswira da lambar waya da lokacin buɗewa da sharhin masu saye. Google kan nemi ka ɗauki bidiyon shagon da allonsa don ya tabbatar kana nan, iyakar wahalar ke nan. Baƙon da ya sauka a Rayfield yana neman mai gyaran waya ko gidan masa, taswirar nan zai duba, ba zai san sunan shafin kowa ba. A ganina duk mai shagon da bai yi waɗannan biyun ba bai kai ga maganar shafi ba tukuna.

Illar kyauta ita ce ba ka da ta cewa ranar da mai abu ya sauya ra'ayi. A da Google na bai wa masu wannan rajista ƙaramin shafi kyauta, a Maris na 2024 ya rufe su duka. Ranar 4 ga Oktoban 2021 Facebook da Instagram da WhatsApp suka ɗauke lokaci guda na kusan awa shida. A wannan shekarar dai gwamnatin tarayya ta dakatar da Twitter daga Yuni, ba a buɗe ba sai Janairun 2022. Ga kuma masu kutse da ke ƙwace shafin Facebook mai mabiya dubbai ta hanyar saƙon yaudara ɗaya, mai shi ya rasa wanda zai kai wa kuka.

Hanya ta biyu ita ce haya a dandamalin da aka riga aka gina, ka zaɓi zane, ka zuba hotunanka, ka riƙa biya wata-wata. Nan ne ya kamata a zauna a yi lissafi, domin dandamalin iri biyu ne, kuma bambancinsu ga ɗan Najeriya ba ƙarami ba ne.

Wix da Squarespace da Shopify na waje ne, da dala ake biyansu. Aikinsu na da kyau, ba sa yawan tsayawa, ba ruwanka da maganar tsaro ko sabunta manhaja. To amma a ce tsarin da ka zaɓa dala 20 ne a wata, wato 240 a shekara. Kafin Yunin 2023, lokacin da dala ke wajen naira 460 a farashin gwamnati, wannan naira 110,400 ne. A 2024 da ta haura 1,500, wannan tsarin dai, ba a ƙara maka ko maɓalli ɗaya ba, ya koma naira 360,000. Shekara uku a haka ta wuce miliyan ɗaya. Kai kuwa da naira kake sayar da atamfa. Ga kuma wahalar biyan kanta: daga 2022 bankuna da dama sun hana katin naira aiki a shafukan waje, sai a tsakiyar 2025 wasu suka dawo da shi da iyaka, a tsakani mutane na ta neman katin dala na manhaja da ƙarin kuɗinsa. Wata ɗaya kati ya ƙi, shafi ya fara tangal-tangal.

Akwai ƙarin abu biyu da masu tallar waɗannan ba sa saurin faɗa. Shafin da ka gina a Wix ba ya ɗaukuwa zuwa wani masauki, ranar da ka gaji da biya sai dai ka fara daga tushe. Tsarinsu na kyauta kuma yana zuwa da tallarsu a saman shafinka, da sunansu a cikin adireshinka. Shopify kuwa, tsarin karɓar kuɗinsa na kansa ba ya aiki a Najeriya, dole ka jona wani kamar Paystack, Shopify kuma ya cire kashi 2 cikin ɗari na kowane ciniki a ƙaramin tsarinsa, ban da abin da Paystack zai cire. Wanda nake ganin wannan hanya ta dace da shi shi ne mai sayar wa 'yan ƙasar waje, misali mai fitar da acca ko kayan fata ko duwatsun ado zuwa Ingila da Amurka. Wanda dala ke shigo masa ba ya jin zafin biyan dala.

Na gida da naira suke karɓa. Bumpa na ba ka shafin sayarwa haɗe da lissafin kayan da suka rage a shago da rasit, duk daga waya. Paystack na da ƙaramin shagon intanet da ake buɗewa ba tare da biyan komai ba sai kason ciniki, Flutterwave ma haka. Selar ya fi dacewa da mai sayar da darasi ko littafin da ake saukewa a waya. Zanensu bai kai na Squarespace ƙawa ba, kuma shagonka zai yi kama da na wasu da yawa. Amma matar da ke sayar da mayafai da takalma daga ɗakinta a Rikkos, mai kaya kala 40 da ke sauyawa duk wata, za ta iya ɗora sabon kaya da kanta tana zaune, ba ta jiran kowa. Wannan kaɗai ya fi ƙawa daraja.

Hanya ta uku ita ce wadda yawancin mutane ke nufi in sun ce a yi musu shafi: ka ɗauki magini, ya saya maka suna da masauki, ya ɗora WordPress, manhajar gina shafi. Manhajar kanta kyauta ce, tun 2003 take, kuma fiye da kashi 40 cikin ɗari na shafukan duniya a kanta suke. Amfanin wannan yawa shi ne ko kun ɓata da magininka, ba za ka rasa wani a Jos da ya iya ta ba. Garin ba ya ƙarancin masu wannan ilimi, ga ɗaliban jami'a, ga matasan da suka koyi aiki a cibiyoyi irin nHub. Abin da kake biya lokacin mutum ne da gwanintarsa. Shafi mai fuska huɗu ko biyar, wato su wane ne mu, me muke sayarwa, hotuna, ina muke, da maɓallin WhatsApp, aikin 'yan kwanaki ne. Da zarar ka ce a sa kwandon saye da biyan kuɗi da lissafin kuɗin aike zuwa Kano da Legas, an shiga WooCommerce, manhajar ciniki da ake maƙala wa WordPress, aiki ya ninka, farashi ma haka.

Mu yi lissafin misali, kai kuma ka sa alƙaluman da aka ba ka a gurbinsu. A ce gini da shekarar farko naira 200,000, sabunta suna da masauki 60,000 duk shekara. Shekara uku ta kama 320,000. Ƙara 10,000 a wata in kana son wani ya riƙa kula da shi daga shekara ta biyu, wato 240,000, jimla 560,000. Har yanzu wajen rabin hayar dala 20 ɗin nan ne, kuma shafin naka ne, kana iya kwashe shi ka kai wani masaukin.

Naka ne fa idan sunanka ke kan rajista. A nan ne aka fi yin kuka. Magini da yawa, wani don sauƙi wani don ya riƙe wuyanka, da imel ɗinsa da lambar wayarsa yake sayen sunan shafin. Daidai yake da ka gina gida a filin da takardarsa ke ɗauke da sunan birkila. Bayan wata 12 saƙon tunin biya ya tafi akwatinsa, shi kuwa ya tafi bautar ƙasa ko ya sauya layi. Sai wata rana mai saye ya kira ya ce shafinku ba ya buɗewa. Hirar da ke biyo baya kusan iri ɗaya ce ko'ina.

"Ɗana, mutane na cewa abin nan ya mutu."

"Hajiya, ai ba ku sabunta ba ne."

"Wace sabuntawa kuma? Ba na biya ka cas ba?"

"Wancan na gini ne, Hajiya. Wannan na shekara ne, kuma yanzu akwai tara a kai."

Tarar gaskiya ce. Suna in ya ƙare akan ba da 'yan makonni na alfarma, sai a shiga lokacin da ba a fansarsa sai da kuɗi mai yawa, daga nan a sake shi kowa ya saya. Ga Hajiya da leda 5,000 da aka buga wa adireshin, ga allon shago. Maganin wannan bai kai minti 20 ba: ka buɗe asusu a wurin dillalin da imel ɗinka da lambarka, ka biya da kanka, sannan ka ba magini izinin shiga ya yi aikinsa. Magini na ƙwarai ba zai ƙi ba. Wanda ya fara kame-kame a kan wannan, ya riga ya gaya maka halinsa.

Wani wurin da araha ke zama tsada shi ne kayan haɗi. Zanen shafi da ƙananan manhajojin da ake maƙala wa WordPress akwai na kyauta, akwai na kuɗi irin Elementor Pro da ake sabunta lasisinsa da dala duk shekara. Mai karɓar aiki da farashi ƙasa-ƙasa sau da yawa na sata yake saukowa. Ranar farko ba za ka gane ba, shafi tsaf. Amma irin wannan ba ya karɓar gyaran tsaro, wani ma da ƙwayar cuta a cikinsa yake zuwa, har a wayi gari mai neman shagon turarenka ya tsinci kansa a shafin caca. Tambaya ɗaya ce: abin da ka sa na kyauta ne ko na kuɗi, in na kuɗi ne wa zai biya baɗi? Ƙaramin kasuwanci na iya rayuwa da na kyauta zalla.

Hanya ta huɗu, babban kamfani ko shafin da aka rubuta daga tushe, ba ta ƙaramin shago ba ce. Otal mai son a kama ɗaki ta intanet, makaranta mai son iyaye su duba sakamako su biya kuɗi, asibiti mai ajiye bayanan marasa lafiya, su ne ke da dalilin biyan miliyan, musamman da dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta ɗora nauyi a kan duk mai tara bayanan mutane. Abin da suke saye shi ne yarjejeniya a rubuce da ofishin da za a iya zuwa in abu ya lalace.

Karɓar kuɗi ta shafi na da nasa lissafin, ko wace hanya ka bi. Paystack na cire kashi 1.5 cikin ɗari da naira 100 a kan cinikin cikin gida, ana yafe ɗarin in cinikin bai kai 2,500 ba, kuma duk girman ciniki cirewar ba ta wuce 2,000. Kayan naira 20,000 za a cire 400. A ce buhun dankalin Turawa na Bokkos 60,000, za a cire 1,000, in a Shopify ne a ƙara 1,200. Ga mai ribar kirki wannan ba komai ba ne. Ga ɗan sari mai cin 2,000 a buhu, rabin riba ce ta tafi. Kuma mu faɗi gaskiya, mai saye a nan ba ya son cinikin biri a sama. Ko ya ga farashi a shafi sai ya yi sallama, ya nemi ragi, ya ce a ɗauko masa bidiyon kayan, sannan ya tura kuɗi ta tiransifa. Shi ya sa ga mafi yawan shagunan Terminus da Katako, maɓallin WhatsApp a ƙarƙashin kowane kaya ya fi kwandon saye amfani, kuma ya fi shi araha nesa ba kusa ba.

Sai kuɗin da ba ya shiga takardar farashin kowa, wato hoto da rubutu. Magini zai ce ka turo abin da za a sa, sai aiki ya kwanta wata biyu domin babu. Hoton da aka ɗauka cikin duhun shago da kwalin taliya a baya zai zubar da darajar shafin miliyan. Farin ƙyalle da hasken safiya da waya mai kyau sun isa, ko ka biya mai hoto yini guda. A rage nauyinsu kafin a ɗora, domin hoton waya ɗaya kan kai megabait 4, guda goma a fuska ɗaya kuwa mai ƙaramar data a Bukuru zai fita kafin su buɗe. Batun harshe ma kuɗi ne. Masu sayen Jos gauraye suke, shafi mai Hausa da Turanci rubutu biyu ne da gyara biyu duk lokacin da farashi ya sauya. In za a sa Hausa, a gwada zanen rubutun a waya a ga ko ƙ da ɗ da ɓ na fitowa daidai, wasu kan mayar da su akwati. Sunan shafin kuwa a bar shi da baƙaƙe marasa lanƙwasa, gajere, wanda za a iya faɗa a waya ba tare da an maimaita ba.

Da ni za a tambaya, mai kayan gwari da mai gyaran waya da mai abinci su tsaya a Google da WhatsApp, in da hali su kama sunan .com.ng su ajiye don kada wani ya riga su. Mai kaya kala-kala da ake aikawa wasu garuruwa ta fara da dandamalin naira, ta ga ko oda na shigowa kafin ta gina nata. WordPress na wanda ake bincikarsa kafin a ba shi aiki ne: ɗan kwangila, mai sa sola, mai kayan gini, gidan baƙi, ƙaramar makaranta, duk wanda takardar rajistar kasuwanci ta CAC da imel mai sunan kamfani ke buɗe masa ƙofa a ofisoshin Abuja.

In ka yanke shawarar ɗaukar magini, nemi shafuka biyu da ya yi fiye da shekara guda da ta wuce, ka buɗe su a wayarka da datarka, ka kira masu su. A rubuta yawan fuskoki, ranar gamawa, gyara nawa ne kyauta, da kuɗin shekara ta biyu, ko da a saƙon WhatsApp ne. Ba da rabi. Ranar miƙa aiki ya zauna kusa da kai, ka shiga da kalmar sirrinka, ka sauya farashin kaya ɗaya, ka ɗora hoto ɗaya da hannunka, ka ga sun fito a wata wayar. Sannan ka cika masa kuɗinsa.